Kason Karen Rikizo

Duk wanda ya daɗe yana cin naman barewa a ƙauyenmu na Kazurao, da wuya in ba hannun Nasu Rikizo ne ya sha kasa masa shi ba. Ba shi ya fi kowa iya harbi ba. Wannan Sakuji ne, kuma Sakuji ba ya bari a manta. Abin da Rikizo yake da shi kunne ne, da hannun rabo, da taurin kan da zai ishi mutum uku.

A bakin ramin gawayi ya tashi, can saman dutse inda ubansa yake ƙona itace. In sanyi ya sauko aiki ya tsaya, sai maza su kwance karnuka. Duwatsunmu ba wurin kallo ba ne, mutum na iya wuni a cikinsu bai ga abin da ya wuce kututturen da ke gabansa ba. Da kunne ake farauta a nan. Tun gemu bai fito masa ba Rikizo ya san haushin kare ba iri ɗaya ba ne: da na ya shaƙi sawu, da na ya tayar da nama, da na barewa ta gaji ta nufi ruwa. Yana tsaye da ido rufe zai ce, "Ta gangara ta kwarin gabas, ku tare ta a gada," a ruga a same ta tana tsallaka kogi.

Da iskar gas ta shigo gidaje gawayi ya mutu, sai ya koma dasa itatuwan katako da ake kira sugi, da suka girma ya koma sare su. Ya auro Mutsuko daga ƙauyen bayan tsauni, mace mara yawan magana amma mai ajiye magana. Suka haifi uku. Biyu birni ya cinye su, sai dai murya a waya. Autan, Noriaki, wanda uwarsa take kira Nori, shi ma ya tafi, amma da masana'antar da yake aiki ta rufe ya dawo da jaka ɗaya da furfura a gefen kunne, ya karɓi lasisin bindiga ya shiga cikin mafarauta. A lokacin barewa ta zame mana annoba. Da, sai a yi damina da rani ba a ga ɗaya kusa da gari ba. Yanzu su cinye kabejin Mutsuko, su ɓare bawon itace, su tsaya a bakin titi suna kallon mota. Kowace gona an kewaye ta da raga, har ka rasa su wa aka kulle, mu ko su.

Rabon nama a wurinmu ba abin wasa ba ne. A bakin kogi ake feɗewa, a ɗan yanki gefen hanta a soke a tsinke a ajiye wa Uwar Dutse, aljanar da take tsaron dajin. Wanda ya kayar ya ɗauki kai da fata. Sauran a kasa shi a kan ganye: kowane mutum kaso ɗaya, kowane karen da ya yi gudu shi ma kaso ɗaya, daidai da na mutum, mai shi ya kai gida. In kuma wani ya ratso ana cikin rabo, ko ɗan kai wasiƙa ne ko baƙon da ya ɓata hanya, akwai ɗan abin da ake cika masa tafi da shi, na mai wucewa. Shekara da shekaru Rikizo ne mai rabo, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Akwai shekarar da karen Sakuji ya sulale daga daji ya koma gida ya kwanta gindin murhu. Da aka zo rabo, Rikizo ya tsallake shi.

"Ina na karena?" in ji Sakuji.

"Je ka tambayi murhun gidanka," in ji Rikizo. "Karen da bai yi gudu ba ba shi da kaso."

Tare suka yi makaranta, tare suka sha dukan malami ɗaya, amma Sakuji bai sake yi masa magana ba sai da sanyi ya wuce itacen ceri ya yi fure.

Ido ne ya fara cin amanar Rikizo. Likita ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce, jijiyar ce take mutuwa a hankali. Da kansa ya naɗe bindigarsa a bargo, ya sa Noriaki ya kai shi ofishin 'yan sanda ya miƙa ta. Ya dawo gida ya sare itacen da zai ishe su wata guda, da lalube. Mutane suka ce shi ke nan, Rikizo ya fita daga farauta. Ashe sun manta da Tora.

Tora kare ne mai zane-zane a baya, ba wani girma gare shi ba, muryarsa siririya kamar ƙofar da ta rasa mai. Rikizo ne ya raine shi tun yana iya shiga aljihun riga, shi ya ɗaura masa 'yar ƙararrawar tagulla a wuya. Duk Lahadin sanyi Noriaki zai ɗora shi a bayan 'yar a-kori-kurarsa su gangara. Rikizo kuma ya fito baranda, bargo a gwiwa, fuska ga kwari, ya yi farautarsa a zaune. Da yamma kaso biyu yake shigowa gidan, na Noriaki da na Tora. Tsohon ya jawo karen tsakanin ƙafafunsa, ya bi sawayensa da yatsu yana ɓamɓare laka, yana cire masa ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya yana yi masa faɗa. In an zauna cin abinci, ƙafafu a ƙarƙashin teburin ɗumi mai bargo da wuta a ƙasa, kafin ɗan ya buɗe baki uban ya riga shi.

"A gindin dutsen nan mai tsaguwa Tora ya tayar da ita. Ta yi kamar za ta haura, karnukan Sakuji suka bi iska, sakarkaru kamar mai su. Sai ta juyo. Harbin farko kai ne, kuma ka kuskure."

"Reshe ne ya tare ni, Baba."

"Kullum reshe ne."

Sai ya juya wajen ƙamshin tukunya, naman yana nuna cikin miso, daddawarmu ta waken soya, da farin daikon mai kama da ƙaton karas, ya yi tambayar da ya saba: "Tsohuwa, na wa muke ci yau?"

"Na Tora," in ji Mutsuko, don kullum shi take fara dafawa.

Wannan amsar ita ta riƙe shi. Makaho ne, ba bindiga, ba gatari, amma har yanzu da kasonsa ake miya a gidan nan, babu mai cewa ciyar da shi ake yi.

Bana ne abin ya juye. Lahadin farko ya zauna a baranda ya ji babban karen Sakuji mai muryar ganga, ya ji tagwayen karnukan mai shagon gindin gada, ya ji harbi. Bai ji Tora ba. Ya ce iska ce. Da yamma Noriaki ya ce, "Ta bayan tsauni ya bi, Baba, shi ya sa." Ga laka a ƙafa, ga ƙarangiya har cikin kunne, ga kaso ya shigo. Lahadi ta gaba ma haka, ta gaba da ita ma haka. Mu da muka san abin da ake ciki kowa ya kama bakinsa, kuma ba na ce mun kyauta ba.

Rannan Sakuji ya hauro da kwalbar giyar dankali a hammata. Rikizo ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya tambaye shi, wai shi yana jin Tora sosai a daji?

"Har ya ishe ni," in ji Sakuji, da sauri fiye da kima. "Kai ba ka ji?"

Rikizo ya girgiza kai.

"To ai tsufa ke nan, ɗan'uwa. Kunnen tsoho siririyar murya yake fara yarwa. Ni nan tukunyar shinkafa mai lantarki ta yi ta kuka ta nuna, sai matata ta zage ni nake sani. Yau siririya, gobe mai kauri. Sha giyarka."

Sakuji ya faɗi haka ne don ya toshe rami, bai san rijiya ya haƙa ba. Tsoro ya shiga Rikizo, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aladen daji ya tsare shi a kwazazzabo. Ya haƙura da duhun ne saboda yana da kunne. In kunnen ma ya bi ido, me ya rage? Ya tuna yayarsa a gidan tsofaffi na cikin gari, yadda aka jingine ta gaban taga, ana ɗura mata abinci da cokali, ana yi mata ihu a kunne tana murmushin da ba na kowa ba. Ya fara gwada kansa a ɓoye. Ya saki tsinken ashana a kan tabarma ya kasa kunne. In ya ji, ya ce ai don ya san zai faɗi ne. In bai ji ba, ya ce ta tabbata. Ya daina ba da labarin farauta a wajen cin abinci, don yana jin kunyar ya faɗi abin da ba haka ba. Noriaki ne yake bayarwa, yana jan maganar kamar mai jan buhu, Tora ya yi kaza, Tora ya yi kaza. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ture kwano da saura. Sau da yawa Mutsuko takan ce, "Maigida," in ya ce "Na'am," sai ta ce shayi ne zai huce.

Da abin ya kai masa iya wuya, sai ya yanke shawara shi kaɗai. Zai matsa kusa. In a gindin dutsen ma bai ji Tora ba, to ya san inda ya tsaya. Wata Lahadi ya bari Mutsuko ta tafi rafi wanke daikon, ya ɗauki sanda ya fita. Hannu ɗaya a kan ƙarfen gefen titi, sanyi yana cizon yatsunsa, ya gangara a hankali har gada, inda hanyar masu sarar itace take shiga daji. Nan ya tsaya ya cire hularsa don kada ta tare komai.

Ga karen Sakuji nan, kamar a gabansa. Ga tagwayen. Ya jira, ya jira. Babu Tora. Ya laluba dutse ya zauna, ya ce a ransa to shi ke nan, sai a fara nema masa taga irin ta yayarsa.

A cikin wannan zaman ne ya ji wani abu ƙasa-ƙasa, ta ƙarƙashin hayaniyar kogi. Kilin. Ya ɗauke numfashi. Kilin, kilin. Ba daga dutse ba, daga nan kusa, inda ake ajiye motoci. Ya miƙe ya bi, sanda tana gaba, har ta bugi taya. Sai ya ji jela tana dukan ƙarfe.

Tora yana kwance a bayan motar Noriaki, a kan tsohuwar rigar sanyi, an ma ajiye masa kwanon ruwa. Rikizo ya miƙa hannu, harshe ya tarbe shi. Ya shafa sawayen, a bushe suke tas, ba laka ba ƙaya. Karen ya yunƙura zai tashi ya gaishe shi, ƙafafun baya suka yi rawa suka zube. Ya sake yunƙurawa, suka sake zubewa.

Abin da ya fara zo masa murna ce, ba zai ɓoye ba. Ƙararrawar da ba ta kai ƙwayar wake ba, ya ji ta a kan ƙarar kogi! Har dariya ta kuɓuce masa. Bayanta ɗayan abin ya iso, ya danne ta. Tun farkon sanyin nan naman sadaka yake ci yana lashe baki, shi Rikizo, gari guda yana kallo. Karensa kuma ya ƙare a gabansa, duk bazara yana jin jan ƙafarsa a tsakar gida yana ce wa kansa zafi ne.

Da ƙyar ya haye bayan motar ya zauna, ya ɗora tafinsa a kan karen. Can sama aka tayar da nama. Ya ji kunnen Tora ya miƙe a ƙarƙashin hannunsa daidai lokacin da shi ma ya juya kai. Barewar ta haura, ta juyo, ta nufi ruwa, jikin karen yana ɓari. Da harbi ya tashi, su biyun suka sauke numfashi tare.

Mafarautan sun fito suna jan namijin barewa mai rassan ƙaho, suna shewa. Da suka kawo kusa da motoci, shewar ta mutu.

"Baba," in ji Noriaki. "Wa ya kawo ka?"

"Ƙafata. Ku yi aikinku, nama ba ya jira."

Aka feɗe a kan duwatsun bakin kogi, ba mai tari. Sakuji ne mai rabo tun da idon Rikizo ya tafi. Tsohon yana zaune a bakin motar yana jin faɗuwar nama a kan ganye, kaso bayan kaso. Ya san mutanen da ke wurin, ya san karnukan da suka yi gudu. Da aka wuce su aka fara wani, sai ya ɗaga murya.

"Sakuji, wannan na ƙarshen na wa?"

"Ka sani."

"Ban sani ba, kurma ne ni. Faɗa da ƙarfi."

"Na Tora ne."

"Tora a mota ya wuni. Ni shaida ne, tare muka wuni."

"Kai Rikizo, kada ka fara mana. Ni ne mai rabo yanzu, abin da na kasa ya kasu."

"Shi ya sa rabon ya lalace. Ka manta shekarar murhu?"

"Na manta? Ni da na kwana ina zaginka har sanyi ya wuce?" in ji Sakuji. "Karen nan ya ciyar da gidajenmu duka shekara nawa. Kaso ɗaya ne zai tsone maka ido, tsohon banza mai kan dutse?"

"Baba," in ji Noriaki a hankali, "ran farko ya hau gangaren nan kaɗan sai ya faɗi, a kafaɗa na sauko da shi. Su Kawu Sakuji da kansu suka ce a bar kason yadda yake."

"Ka zauna gabana kana kallo ina zaton na kurumce."

"Na ga in na ce maka Tora ya ƙare, kai ma ƙarewa za ka yi."

Rikizo ya san yaron bai yi ƙarya a wannan ba. Kogi ya ci gaba da hayaniyarsa. Can ya zamo daga motar, ya lalubo hanya da sanda har inda yake jin ƙarnin jini.

"Ku rushe shi ku mayar cikin na mutane," ya ce. "Na mai wucewa fa? Ko shi ma kun soke?"

Sai ya jingine sandar a cinyarsa ya haɗa tafukansa biyu ya miƙa, kamar yadda baƙi suka sha miƙa masa a wannan wurin. Sakuji ya daɗe a durƙushe yana jan hanci. Daga ƙarshe ya ɗebo abin da al'ada ta ce, bai ƙara ko yanka ɗaya ba, ya zuba masa.

Ya ƙi shiga gaban mota. Noriaki ya tallabe shi ya ɗora shi a baya, yadda yake ɗora karen. Kafin su kai gida Tora ya cinye na mai wucewa daga tafin ubangidansa, yanka-yanka.

Mutsuko tana bakin ƙofa, ta zaga gari har ƙafarta ta kumbura. Ta buɗe baki za ta wanke shi, sai ta ga inda yake zaune, ta haɗiye. Da aka sauke shi ya tsaya a gabanta.

"Ke ma kin sani?"

Ta sa hannu a aljihun rigar aikinta, ta kamo hannunsa ta buɗe, ta zuba masa wani abu mai suka. Ƙarangiya ce, cike da tafi.

"A bayan rumbu nake tsinko ta," ta ce. "Lakar kuma daga rafi. Nori yakan tsaya a kwanar ƙasa in shafa wa Tora kafin su hauro. Ta yau ce wannan."

Ya laluba yatsunta, duk sun yi kaca-kaca da suka.

"Kin gwammace in kurumce ke nan?"

"Ban san wancan mai bakin, Sakuji, zai ce kunnenka ne ba. Da ya faɗa, na rasa ta inda zan warware." Ta janye hannunta. "Shiga ciki, jikinka kamar ƙanƙara."

Kafin rana ta gama faɗuwa an zauna a teburin ɗumi. Noriaki ya sunkuyar da kai, ba shi da labarin bayarwa. Rikizo ne ya gyara murya ya bayar, tun daga inda aka tayar da barewar har inda ta faɗi, bai kuskure ko kwana ɗaya ba, kuma bai ambaci Tora ba. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Yau ba reshe. Harbi ɗaya ka yi." Noriaki ya ce eh.

Mutsuko ta buɗe tukunya, tururi ya bugi fuskar tsohon. Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Tsohuwa, na wa muke ci yau?"

Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta dubi ɗanta, ta dubi mijinta, ta ga ba sauran wurin ɓuya.

"Na Nori."

Ta ajiye masa kwano. Ya daɗe riƙe da tsinkayen cin abinci, har tururin ya fara raguwa. A waje ƙararrawa ta yi kilin, karen yana gyara kwanciya, kuma ya ji ta sarai. Sai ya lalubo yanka ɗaya ya kai baki, ya tauna a hankali ya haɗiye, ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu.